Ƙumbar Asiya: Baƙuwar da Guda Ɗaya Ke Cika Kogi, da Darasinta ga Yedzaram da Tafkin Chadi

Duk wanda ya san garin Uba, wanda ke kan iyakar jihohin Adamawa da Borno, ya san fuskoki biyu na Kogin Yedzaram. Da damina yakan cika ya batse, ya sauko da ruwan tsaunukan Mandara ta Mubi, ya miƙe arewa zuwa Bama da kwarin Tafkin Chadi. Da rani kuwa sai ya janye, ya bar yashi da 'yan kududdufai, inda manoman fadama ke kafa injinan ban-ruwa, masu tifa kuma ke ɗibar yashin gini. A cikin yashin kogunan yankin nan akan tsinci ɓawon wata halittar ruwa mai marfi biyu, wadda wasu ke kira ƙumba, wasu kuma makankari. Ba kasafai ake kula da ita ba, balle a tambayi asalinta.

A wasu ƙasashe kuwa wannan tambaya ta zama ta maƙudan kuɗi. A watan Mayun 2023 hukumomin New Zealand suka sanar da gano wata baƙuwar ƙumba a Kogin Waikato, kogi mafi tsawo a ƙasar, wanda ke juya injinan lantarki, yake kuma shayar da birane. Kafin a farga ta bazu a wani dogon sashe na kogin, har hankalin hukuma ya koma kan hana ta tsallakawa zuwa wasu ruwaye, domin fitar da ita daga inda ta kafu ya yi wuya. Wannan ita ce ƙumbar Asiya, wadda masana ke kira Corbicula fluminea. Abin da binciken ƙwayoyin gadonta ya bayyana ya shafi kowace ƙasa da ke gina madatsun ruwa da magudanan noman rani, kuma Arewacin Najeriya na cikin wannan sahu.

Yadda ta zagaya duniya

Ƙumbar Asiya ƙarama ce, yawanci ba ta wuce santimita biyu zuwa uku ba, launinta rawaya-rawaya zuwa ruwan ƙasa, da zane-zane a bayan ɓawonta. Asalinta gabashi da kudu maso gabashin Asiya, inda ake cin ta a miya. An fara tsintar ɓawonta a yammacin Kanada a 1924, aka same ta da rai a Kogin Columbia na Amurka a 1938, cikin 'yan shekaru gommai kuma ta ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas. Ta isa Kudancin Amurka ta mashigar Rio de la Plata wajajen shekarun 1970, aka gan ta a Fotugal da Faransa a 1980, ta shiga Kogin Rhine a cikin shekarun 1980, ta kai Ireland a 2010. An kuma ba da rahoton samun ta a Maroko, wato ta riga ta taka ƙasar Afirka.

Ɓarnarta daga yawa take zuwa. Babbar ƙumba ɗaya na iya sakin 'ya'ya har 400 a rana, kimanin 70,000 a shekara, kowanne bai wuce kwatan milimita ba. Ido ba ya ganinsu, ragar tace ruwa ba ta tare su. Sukan bi ruwa su shige bututu, su girma a ciki, su toshe shi. A 1980 sai da aka dakatar da aiki a wata tashar nukiliya da ke jihar Arkansas ta Amurka saboda ƙumbar ta cushe bututun sanyaya injina. Tun a shekarun 1980 aka ƙiyasta cewa tana jawo wa Amurka asarar kusan dala biliyan ɗaya a shekara. A magudanan ban-ruwa na Kalifoniya takan taru da laka ta rage gudun ruwa, a tafkuna kuma takan tace ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, ta mamaye ƙasan ruwan da ƙumbar gida ke zaune a kai.

Abin da ƙwayoyin gado suka tona

Ƙa'idar da aka saba da ita a ilimin halittu ita ce, jinsin da ya rasa bambancin ƙwayoyin gado yana cikin haɗari. Makiyayi ya san haka: garken da ya daɗe yana haihuwa a tsakanin dangi na kusa yakan yi rauni, shi ya sa ake nemo bijimi daga wani garke. Da wannan ma'auni, baƙuwar halittar da ta shigo ƙasa da 'yan ƙwarori kaɗan bai kamata ta yi nisa ba.

Ƙumbar Asiya ta saɓa wa wannan zato. Masu bincike a Jami'ar Namur ta Beljiyam, ƙarƙashin jagorancin Karine Van Doninck, sun gwada ƙwayoyin gadon ƙumbar da aka tattaro daga Turai da nahiyoyin Amurka biyu, suka kwatanta da na Asiya. A sakamakon da suka wallafa a 2014 sun nuna cewa a mahaifarta akwai bambanci mai yawa, amma a duk faɗin wuraren da ta mamaye zuriya huɗu kacal suka samu a lokacin, kuma a cikin kowace zuriya kusan babu bambanci tsakanin wannan ƙumba da waccan. Zuriya ɗaya daga ciki ita ce ta game Turai da Amurka ta Arewa da ta Kudu. Ma'ana, ƙumbar da ke wani kogin Faransa da wadda ke wani kogin Amurka tamkar tagwaye suke.

Dalilin yana cikin yadda take haihuwa. Kowace ƙumba daga cikin waɗannan zuriyoyi mata-maza ce, tana iya yi wa kanta barbara. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, idan maniyyi ya shiga ƙwai, sai a fitar da ƙwayoyin gadon uwa da ke cibiyar ƙwan waje, ɗan ya tashi da na uba zalla. Manomi zai fi kowa gane wannan: wanda ya dasa itacen rogo ko karan rake, irin uwar dashen zai girbe, babu gauraye. Haka ƙumbar take buga kwafin kanta.

Abubuwa uku ke fitowa daga nan. Na farko, ƙumba ɗaya tak ta isa ta kafa zuriya a sabon ruwa, ba ta buƙatar abokin tarayya. Na biyu, zuriyar da ta yi nasarar jure wa yanayi iri-iri ba ta sirkuwa, haka take wucewa daga kaka zuwa jika. Na uku, maniyyin wata zuriya na iya shiga ƙwan wata, ya kori gadon mai ƙwan, ya yi amfani da ƙwan wajen haifar da nasa. An ga alamun haka a inda zuriyoyi biyu suka haɗu a ruwa ɗaya a Turai da Amurka. Baƙo ke nan da ya kori mai gida, ya kuma gaje ɗakinsa.

Inda abin ya shafi Tafkin Chadi

Wannan batu na uku shi ne ya kawo maganar gida. Afirka na da nata dangin Corbicula tun fil azal, kuma Tafkin Chadi na cikin mazauninsu. Masanin nan na Faransa, Christian Lévêque, wanda ya yi nazarin halittun ƙasan tafkin a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, ya lissafa Corbicula africana cikin jinsunan da suka fi yawa a wurin, tare da wasu nau'o'in dodon koɗi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Waɗannan halittu na cikin abincin wasu kifaye, kifin kuma shi ne bandar da 'yan kasuwa ke saukewa daga Baga zuwa kasuwannin ƙasar nan.

Samun 'yar gida mai kama da baƙuwa yana da illa biyu. Ta farko, idan baƙuwar ta shigo, masunci ko jami'in gona da ya tsince ta zai ɗauka wadda ya saba gani ce, don siffar ɓawo a wannan dangi tana rikita hatta ƙwararru. Ta biyu, halittar da ke iya ƙwace ƙwan danginta barazana ce ga gadon 'yar gida, wanda ya jure wa cika da ƙafewar tafkin shekaru dubbai.

Irin wannan ɓoyayyiyar mamaya ta taɓa faruwa a Afirka. A 2004 masu bincike suka wallafa cewa wani dodon koɗi da ya yawaita a Tafkin Malawi, wanda kowa ya ɗauka ɗan gida ne saboda sunansa da kamanninsa, ashe wata zuriya ce daga Asiya. Shi ma yana haihuwa ba tare da barbara ba. Gwajin ƙwayoyin gado ne ya raba shi da na asali, bayan ya riga ya kafu.

Najeriya ma ta ga amfanin irin wannan gwaji. A farkon 2016 aka ga wata tsutsa tana cin masara a kudu maso yammacin ƙasar nan. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinsu suka haɗa nazarin siffa da gwajin ƙwayoyin gado, suka tabbatar cewa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, karon farko da aka tabbatar da ita a Afirka. Cikin shekaru biyu ta game mafi yawan ƙasashen kudu da Sahara, kuma manoman masara a Adamawa da Borno sun san ta a gonakinsu.

Darasin kainuwa da kacala

Ruwayenmu ba baƙin mamaya ba ne. A 1984 wata baƙuwar kainuwa mai fure ruwan shuɗi, 'yar asalin yankin Amazon, ta shigo ta mashigin Badagry daga Jamhuriyar Benin, daga baya kuma ta bayyana a Kogin Neja da Tafkin Kainji, tana toshe hanyar kwale-kwale da wuraren jefa koma. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na wuraren da aka gwada a ƙasashen da ta mamaye, dashe ɗaya ne ya cika su. Labarinta da na ƙumbar Asiya ɗaya ne: ƙarancin bambancin gado bai hana mamaya ba, matuƙar halittar na iya kwafin kanta.

Darasi na biyu daga kwarin Haɗeja da Nguru yake. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogunan yankin kan cika da damina su bushe da rani. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, ciyawar kacala ta samu abin da take so. Ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta rage ruwan da ke isa Komadugu Yobe, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. An kashe kuɗi masu yawa wajen yanka da yashewa, amma har yau manoman Jigawa da Yobe na kokawa da ita.

A nan ne ya kamata a dubi Yedzaram da idon basira. Kamanceceniyar gado ƙarfi ce ga ƙumbar Asiya, amma rauni ce kuma: abin da ya kashe ɗaya zai iya kashe duka. An sha ganin ta tana mutuwa da yawa lokaci ɗaya idan ruwa ya ja baya, zafi ya tsananta, iskar da ke cikin ruwa ta ragu. Kogin da ke bushewa wata da watanni ba wurin zamanta ba ne. Ke nan rani, wanda muke kuka da shi, garkuwa ce ga koguna irin Yedzaram. Amma duk inda aka tare ruwa ya zauna shekara cur, ko a babbar madatsa, ko a ƙaramin dam na ƙauye, ko a magudanar siminti, ko a tafkin kiwon kifi, an ajiye wannan garkuwa. Kuma zafi kaɗai bai isa kariya ba, domin ƙumbar ta kafu a sassan Brazil masu zafi.

Wannan ba hujja ba ce ta ƙin madatsu. Arewa na buƙatar noman rani, kuma ana zuba jari a kai. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja a Disambar 2021, sannan dala miliyan 500 ga shirin SPIN na inganta madatsu da ban-ruwa a Satumbar 2024. Bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumbar 2024, wadda ta jefa Maiduguri cikin ambaliya, Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Kogin Ngadda da ke cika Alau yana samun wani ɓangare na ruwansa daga fadamun Sambisa, inda ruwan Yedzaram ke malala. Abin da ya shiga ruwa a Mubi ko Uba yana da hanyar kai wa can. Abin tambaya shi ne ko cikin waɗannan maƙudan kuɗi an ware wani abu don sanin abin da ke rayuwa a ruwan da ake tarewa.

Hanyoyin da baƙuwa ke bi

Yankin Uba da Mubi yana da wani matsayi na musamman a taswirar ruwa. Yedzaram arewa yake nufa, zuwa kwarin Chadi, amma rafukan da ke kudu da yammacin yankin Binuwai suke zuba wa, Binuwai kuma ta haɗu da Neja ta isa teku, inda jiragen ruwa na duniya ke sauka. Tsaunuka sun raba kwarin biyu, amma mota ba ta san wannan iyaka ba. Jarkar 'ya'yan kifi da aka sayo daga nesa, injin ban-ruwa da aka ɗauko daga wata fadama da sauran ruwa a tiyonsa, jiƙaƙƙiyar koma, tifar ɗanyen yashi, injin yashe kogi da ɗan kwangila ya kawo daga wata jiha, kowanne zai iya ɗaukar abin da ido ba ya gani. A Turai da Amurka, ruwan da jirage ke ɗauka don daidaita nauyi, da jigilar yashi, da kayan masunta, da cinikin halittun ado na ruwa, duk suna cikin hanyoyin da ake dangantawa da yaɗuwar ƙumbar.

Akwai kuma hanya mafi girma da ake shawara a kai. A taron ƙasa da ƙasa kan Tafkin Chadi da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018, an goyi bayan shirin Transaqua na janyo ruwa daga kwarin Kogin Kongo zuwa Kogin Shari. Haɗa kwari biyu yana nufin haɗa halittunsu. Magudanar da ta haɗa Rhine da Danube a 1992 ta zama babbar hanyar baƙin halittu a Turai, ramin da ya kai ruwan Kogin Orange zuwa Kogin Great Fish a Afirka ta Kudu a 1975 kuma ya tafi da kifayen da ba a san su a can ba. Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, na da hakkin sanya wannan cikin lissafi tun kafin a sara ƙasa.

Abin da ya kamata a yi

Rahoton da kwamitin masana na IPBES ya fitar a Satumbar 2023 ya ce mutane sun kai jinsuna sama da 37,000 wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga ciki masu ɓarna ne, asarar da suka jawo wa duniya kuma ta haura dala biliyan 423 a shekarar 2019 kaɗai. Rahoton ya nuna cewa riga-kafi shi ne mafi arha, musamman a cikin ruwa, inda kawar da baƙuwar da ta kafu ke da matuƙar wuya. A Disambar 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya, sun amince a Montreal su rage shigowar irin waɗannan halittu da aƙalla rabi kafin 2030.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin shawo kan baƙin halittu masu mamaya tun 2013, Hukumar NAQS kuma ke da alhakin binciken dabbobi da tsirrai da halittun ruwa da ake shigowa da su. Cibiyoyin ilimi ma suna kusa: Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk a Mubi suke, ga Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ga Jami'ar Maiduguri, ga Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a New Bussa. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa su kan aiki ɗaya.

Mataki na farko shi ne rajistar abin da muke da shi. A tattaro ƙumba da dodon koɗi daga Yedzaram, da Alau, da madatsun Kiri da Daɗin Kowa, da Binuwai a Yola, da sassan Tafkin Chadi da tsaro ya ba da damar shiga, a adana samfuri, a gwada ƙwayoyin gadonsu, a sanya sakamakon inda kowane mai bincike zai gani. Wanda bai san fuskokin 'yan gidansa ba, ba zai gane baƙo ba. Aikin ɗaliban digiri na biyu ne idan an ba su kayan aiki, kuma zai yi amfani biyu, domin wasu nau'o'in dodon koɗi su ne ke ɗauke da cutar tsargiya.

Na biyu, a sanya gwajin ruwa cikin sharuɗɗan kowace kwangilar madatsa da ban-ruwa. Yau ana iya ɗibar ruwa a kwalba a gano burbushin ƙwayoyin gadon halittar da ke cikinsa tun ba a gan ta ba, kuma New Zealand na amfani da wannan dabara wajen bin sawun ƙumbar.

Na uku, a wajabta wa 'yan kwangila wanke injinan yashe kogi da busar da su kafin a kai su wani ruwa, a kuma sa ido kan masu ƙyanƙyashe kifi da ke tura kaya daga jiha zuwa jiha. Ga manomi da masunci saƙon gajere ne: duba, wanke, shanya. A zubar da ruwan jarkar 'ya'yan kifi a busasshiyar ƙasa, kada a juye shi a rafi. Rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Na huɗu, a buɗe ƙofar kai rahoto. Mai injin ban-ruwa da ya ga tiyonsa na toshewa da ƙananan ɓawo, ko mai ɗibar yashi da ya ga ƙumba ta yi yawan da bai saba gani ba, shi ne zai fara sani kafin kowane farfesa. Ya kamata ya san wanda zai gaya wa, ko malamin gona, ko mai unguwa, ko sarkin ruwa. A Uba wannan na buƙatar Adamawa da Borno su yi aiki tare, domin garin jihohi biyu ne, kogin kuwa ɗaya.

Kainuwa da kacala da tsutsar masara duk sai da suka kafu aka fara neman magani, kuma har yanzu ana biya. A kan ƙumbar Asiya, ilimin ya riga ya samu, wasu ƙasashe sun biya kuɗinsa. Abin da ya rage shi ne a tura ɗalibai da kwalabe bakin Yedzaram a wannan rani, tun ruwa yana idon sawu.